Jar Tukunyar Gidan Alhaji Rabo

Warin ƙonanniyar roba ne ya fara shiga tsakanin Surayya da mutanen gidan mijinta.

Akwatin wutar lantarkin gidan yana manne ne a bangon baranda, tsakanin ƙofar Inna, uwar mijinta, da ɗakin ajiya. Wayoyi sun fito daga cikinsa kamar saiwar gamji. Wata ta nufi sashenta ita da Yazid, wata ta nufi sashen wansa, wata ta tafi wurin firiza biyu da Inna ke ƙanƙarar sayarwa, wata kuma ta tsallake katanga zuwa shagon cajin waya da Alhaji Rabo, maigidan, ya ba wani haya. Duk aikin Munzali ne, mai yi wa Alhaji awon gero a kasuwar Dutsin-Ma, wanda ya koyi haɗa waya da ido. In fis ya ƙone sai ya samo waya mai kauri ya ɗaure wurin, ya kaɗe hannu ya ce, "Wannan kam sai tsufa."

Duk sanda aka kawo wuta akwatin sai ya yi ta zuuu kamar an rufe zuma a ciki. Surayya ta taɓa kai bayan hannunta jikin murfin, ba shiri ta janye.

"Baban Mubina, akwatin nan zai ci gidan nan," ta ce da mijinta da safe yana ɗaura agogo.

"Tun ina yaro yake wannan kukan."

"Tun kana yaro firiza nawa ke kansa?"

Yazid ya yi murmushi, ya shafa kan ɗiyarsu Mubina da ke lasar cokalin koko. "Zan yi wa Alhaji magana."

Wadda kawai ke sauraronta a gidan ita ce Ma'u, ƙanwar Yazid, ita ma da dariya take sauraron. Bikinta bayan Sallah ne, kuma kayan ɗakinta duk suna jibge a ɗakin ajiyar nan, tun daga katifa har labule da jeren kwanuka. Kullum sai ta buɗe ta leƙa su kamar mai duba jariri.

"Malama Boko, yau me hancinki ya jiyo mana?" Ma'u ta ce tana tankaɗe.

"Ya jiyo amarya za ta tare da toka."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Wallahi in katifata ta ƙone taki zan ɗauke, ke da Yaya ku koma tabarma."

"Ai gara ki ɗauke Yayan naki ki bar mini katifar."

Suka yi ta dariya har Inna ta leƙo ta ce su bar mutane su ji rediyo.

Maganar dai ta kai kunnen Alhaji, ba don Yazid ya kai ta ba, sai don Surayya ta ƙi yin shiru. Ran nan da la'asar sai ga Munzali ya shigo da wata ƙatuwar jar tukunyar kashe gobara a kafaɗa, Alhaji na biye da shi yana gyara babbar riga. A gwanjon kayan wani otal da aka rufe a Katsina ya samo ta. Aka kafa ƙusa a gefen akwatin, aka rataye ta, matan gida suka fito kallo.

"To, ina malamar?" Alhaji ya ce. "Ga abin da kike ta ɗaga wa mutane hankali a kansa. Ko gidan gwamna iyakar abin da ke akwai ke nan."

Surayya ta durƙusa ta yi godiya. Da ta ɗago sai idonta ya sauka kan rubutun jikin tukunyar, da ɗan zanen walƙiya da aka ja wa jan layi a kai. A kwalejin da ta yi an jera musu irin waɗannan tukwane a ɗakin gwaje-gwaje, an nuna musu aikin kowacce. Ta so ta bari sai dare ya yi ta gaya wa mijinta, amma ta san inda maganar da ta bi ta wurin mijinta ke kwana.

"Baba, Allah shi saka da alheri. Sai dai wannan ta ruwa ce."

"To da ta me za ta zama? Ta fura?"

Matan suka kwashe da dariya.

"Ta itace ce da katifa da takarda, Baba. Ba a fesa ta a kan lantarki, ruwan zai ɗauko wutar ya kawo ta jikin mutum. Ga shi ma sun zana. Wadda ta dace da akwatin nan ita ce mai baƙin tambari, mai baki kamar ƙaho, iska ce a cikinta. In ba a samu ba, mai shuɗin tambari, ta hoda, irin wadda ke motar Baban Mubina."

Alhaji bai dube ta ba, ɗansa ya duba.

"Yazid, tun kafin a haifi uban matarka ake kashe gobara da ruwa a garin nan. Na fitar da kuɗina na sayo abu don hankalinta shi kwanta, tukuicina ke nan a gaban iyalina?"

Ya juya ya fita. Inna ta bi bayansa da kallo, sannan ta ce, ba tare da ta kira sunan kowa ba, "Ilimin da bai koya wa mutum kunya ba, wahala ne."

Bayan sallar isha'i Surayya ta roƙi Yazid abu ɗaya. Ƙaramar tukunyar hodar da ke ƙarƙashin kujerar motarsa, ya riƙa shigowa da ita gida.

"Ta mota ce," ya ce. "In jami'an hanya suka tare ni babu ita, ke za ki fitar da ni?"

"To ka sayo wata."

"In rataye ta kusa da ta Alhaji? Don duk wanda ya shigo ya san na ce ubana bai san abin da yake yi ba? Surayya, ki bar ni in zauna lafiya da iyayena."

Sai ta nemi tsohon bokiti ta cika shi da yashi, ta ajiye ƙarƙashin akwatin. Bai yi mako ba Inna ta kwashe yashin ta soya gyaɗa da shi. Ta sake cikawa, aka wanke tukwane da shi. Ta ja Ma'u gefe ta ce, "Ko da wasa kada ki taɓa jar tukunyar nan in akwatin ya kama." Ma'u ta ɗaga hannu kamar soja ta ce, "An gama, ranki shi daɗe," ta wuce tana 'yar waƙarta.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, rana ta take, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Yazid ya tafi Barkiya sayen gero da motar. Alhaji yana kasuwa. An kwana biyu babu wuta, sai ga ta an kawo, firiza da injin jan ruwa da duk abin da aka bari a kunne suka tashi lokaci ɗaya.

Surayya na daka yaji a bakin madafa ta ji tas! tas! Ta waiwaya ta ga shuɗin tartsatsi na fita daga akwatin, baƙin hayaƙi na bin bango, harshen wuta ya fara lasar ƙofar ɗakin ajiya.

"Kayana!" Ma'u ta ƙwalla. Daga wanki ta taso, ƙafarta babu takalmi, zanenta a jiƙe.

"Ma'u, kar ki taɓa! Ma'u!"

Ina. Ta riga ta sauke tukunyar, ta zare ƙarfen bakinta ta matsa. Ruwa ya fita da ƙarfi ya daki akwatin, ya gangaro bango, ya malale a siminti har ƙarƙashin ƙafafunta. Wata waya da robarta ta narke ta tsinko ta faɗo cikin ruwan. Ma'u ba ta yi ihu ba. Jikinta ya sandare, yatsunta suka ƙanƙame tukunyar, haƙoranta suka datse.

Surayya ta san in ta kai hannu su biyu za a ɗauka. Taɓaryar na hannunta, busasshen itace, ƙafarta da silifas na roba. Ta tsaya a gefen da ruwa bai kai ba, ta kai wa hannun Ma'u duka don tukunyar ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta sake ɗagawa da iyakar ƙarfinta ta tunkuɗe ta a ƙirji. Ma'u ta yi baya ta faɗi a busasshiyar ƙasa.

Daidai nan Inna ta fito daga bayan gida da buta a hannu. Ba ta ga ruwan ba, ba ta ga wayar ba. Abin da ta gani shi ne taɓarya a sama, da ɗiyarta tana faɗuwa.

Surayya ta ja Ma'u nesa da barandar. Narkakkiyar roba ta ɗigo mata a hannun dama tun daga gwiwar hannu har wuyansa, ba ta ma ji ba. Ta yi ta danna ƙirjin yarinyar, tana hura mata iska a baki, tana kiran sunanta. Maƙwabta suka tsinke wayar daga jikin turken lantarki da doguwar gora, suka kashe sauran wutar da ƙasa. Ko labule ɗaya bai ƙone ba a cikin kayan ɗakin. Ma'u kuwa kafin a samo mota ta cika.

"Ta kashe mini ɗiya," Inna ke faɗi tana birgima a tsakar gida. "Da idona na gani. Da taɓarya ta kashe ta."

Lauratu, matar wan Yazid, tana cikin waɗanda suka yi wa Ma'u wanka. Da suka fito ta wuce Surayya a ƙofar madafa, ta tsaya kamar za ta gyara ɗankwali, ta ce ƙasa-ƙasa, "Tafin hannunta duka biyu a ƙone suke. Da tafin ƙafa." Ba ta ƙara ba, ta wuce. Da mata suka tambaye ta a ɗakin makoki, abin da ta ce ta gani shi ne shacin taɓarya a ƙirji. Shi ma gaskiya ne, akwai shi.

Kafin sadakar uku labarin ya gama gari, kuma ya sake kama. A bakin rijiya an ce faɗa suka yi kan kayan ɗaki. A kasuwa an ce 'yar bokon Kurfi ce da ba ta ganin kowa da gashi. Jar tukunyar kuwa babu wanda ya ambace ta, don tun a daren farko Munzali ya ɗauke ta ya kai shago.

Masu zuwa gaisuwa sukan wuce ƙofar Surayya kamar ɗakin babu kowa. Aka daina ba ta girki. Kwanon da ta ci abinci a ciki sai a ware shi gefe. Inna ta aiko aka ɗauki Mubina, wai tana so ta riƙa ganin jininta kusa da ita, daga ranar yarinyar ta koma kwana a ɗakin kakarta, bango ɗaya da akwatin.

Hannun Surayya da ya ƙone ya kumbura, ya yi ruwa, ya fara wari. Ta ce da Yazid ya kai ta asibiti.

"In aka je za su tambayi yadda aka yi," ya ce yana kallon ƙasa. "Daga nan sai 'yan sanda, sai masu wuta su zo su ga wayar shagon caji. Ki yi haƙuri a gama zaman makoki. Na sa a kawo miki zuma."

"Ka san ba ni na kashe ta ba."

Ya kau da kai.

"Baban Mubina, dube ni. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani." Muryarsa ta karye. "Ni na sa ta a kabari, likkafanin ya zame na ga hannunta. Amma me kike so in yi? In je in ce wa tsoho mai hawan jini kai ka sayo abin da ya kashe ɗiyarka? Kwana nawa zai ƙara a duniya in ya ji haka? Ke yarinya ce, za ki iya ɗauka. Mutane za su manta."

"Mubina fa? Ita ma za ta manta an ce uwarta ta yi kisa?"

Ya tashi ya fita masallaci, alhali ba a kira salla ba.

Kowa da irin uzurinsa. Wan Yazid ya ce ƙaddara ce, tone-tone ba zai dawo da wadda ta tafi ba. Wata gwaggonsu da ta zo daga Dabawa ta zauna a bakin gadon Surayya ta ce, "Ɗiyata, mace ita ce murfin gida. In ba ki rufa wa surukinki asiri ba, wa zai rufa?" Munzali ya ce shi dai abin da aka sa shi yake yi. Babu wanda ya ce mata ƙarya take yi. Abin da suke nema kawai ta bar faɗin gaskiyar.

Zazzaɓi ya riƙa rufe ta da yamma. Yatsu biyu na hannun suka fara lanƙwashewa, ba sa miƙuwa. Da hagu ta koyi ɗaura zane, da hagu take alwala, in ta zo shafa ruwa a dama sai ta cije leɓe. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne babu wanda ya yi mata gaisuwar Ma'u. Ita ma fa ta yi rashi. Takan ji kamar za a ɗaga labule a ce "Malama Boko," sai ta tuna, ta juya fuska bango ta yi kukanta ba sauti, don ta rantse ba za su ji ba.

Wata safiya ta fito ɗibar ruwa ta tarar Mubina na wasa da gwangwani a baranda. Ta miƙa mata hannun hagu. Yarinyar ta ja da baya ta manne da bango.

"Inna ta ce kin bugi Anti Ma'u ta mutu."

Surayya ta durƙusa har ƙasa. "Na buge ta ne don in cire ta daga wuta, Mubina. Ina son ta kamar yadda nake son ki."

"To me ya sa ba ta tashi ba?"

Surayya ta ɗaga kai don hawayen su koma, sai ta ga abin da ya tsayar mata da numfashi. An sa sabon akwati a gurbin tsohon, wayoyin nan duka sun koma mazauninsu, har da mai tsallake katanga. A gefensa, kan ƙusar nan dai, jar tukunyar ce a rataye. An kai ta an sake cika ta, an goge ta tana ƙyalli. Sauke ta zai zama amsa laifi, don haka Alhaji ya sa aka mayar.

Bayan sadakar arba'in aka kira ta. Alhaji na zaune kan kujera a barandar, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Inna na gefe, ga gwaggo, ga Yazid da wansa, Lauratu na rakuɓe a bakin ƙofa. Gwaggon ce ta yi magana.

"An yi shawara. Babu mai kai ki ko'ina, babu mai cewa da gangan kika yi. Ki durƙusa gaban uwar yarinyar nan ki ce ruɗewa kika yi kika buge ta, tsautsayi ya gitta, ki nemi gafara. Shi ke nan a binne maganar, ki koma ɗakinki, a mayar miki da ɗiyarki."

"In ban faɗa ba fa, Gwaggo?"

"To zama ba zai yiwu ba. Yarinya kuwa gidan ubanta za ta zauna."

Surayya ta dubi ƙofar ɗakin Inna. Ta san Mubina na ciki, tana jin motsinta. Kalma kaɗan ce, ta faɗe ta yau ta kwana da ɗiyarta a ƙirji. Bakinta har ya buɗe. Sai akwatin ya yi zuuu a saman kawunansu, don akwai wuta a ranar. Ta ga in ta faɗa, ta wanke tukunyar ke nan har abada, za ta ci gaba da zama kan ƙusarta tana jiran wanda zai sake saukewa. Wata rana kuma Mubina za ta yi tsawon da hannunta zai kai.

Ta durƙusa, kowa ya saki ajiyar zuciya.

"Inna, na yi miki gaisuwar Ma'u. Ni ba a yi mini ba, amma ni na yi miki. Abin da kika gani kin gani, ban ce kin yi ƙarya ba." Ta juya wajen Alhaji. "Baba, zan faɗi duk abin da aka ce in faɗa. Abu ɗaya nake roƙo. Ga tukunyar nan, ga akwati, ga wuta an kawo. In dai ba ita ce ba, wani a cikin mazan gidan nan shi cire takalmi shi fesa ta a kai, yadda Ma'u ta yi. In ya gama zan ce ni na kashe ta, a nan da kasuwa da duk inda ake so."

Babu wanda ya motsa. Wan Yazid ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Yazid ya rufe fuska da tafin hannu. Mubina ta leƙo daga labule, kafin kowa ya yi magana Alhaji da kansa ya daka tsawa, "Ku janye yarinyar nan daga wurin akwatin!"

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Inna ta juyo a hankali ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dubi tukunyar. Surayya ta zaci yau kam za a faɗa.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ku fitar mini da matar nan," ta ce. "Ba na son ganinta."

"Kun dai ji rashin kunya da kunnenku," Alhaji ya ce, muryarsa a dushe. "Yazid, in ni na haife ka, ka san abin yi."

Washegari da hantsi Yazid ya buɗe mota ya koma cikin gida ɗauko akwatin kayanta. Surayya ta sunkuya ƙarƙashin kujerar motar, ta jawo ƙaramar tukunyar mai shuɗin tambari da hannun hagu, ta sa cikin hijabi. Ta sami Lauratu a madafa ita kaɗai.

"Ba na neman ki yi magana, Yaya Lauratu, na san kina da 'ya'ya a gidan nan. Riƙe wannan. Ki zare ƙarfen nan, ki tsaya nesa kaɗan, ki nufi gindin wutar ba samanta ba, ki matsa. Hoda ce, ba ta ɗauko lantarki. Waccan kuwa ko hannun wa kika gani a kanta, ki buge shi."

Lauratu ta karɓa, ta tura ta bayan buhun gawayi. "Ki yafe mini, Surayya."

"Ki dai kula mini da ita."

Ba a bar ta ta yi sallama da Mubina ba. An ce an kai ta maƙwabta, kada ta yi kuka.

Suka kama hanyar Kurfi, garin iyayenta. An yi ruwan farko, manoma sun fito da shanun huɗa, ƙasa ta yi ja tana ƙamshi. Takardar sakin na cikin aljihun Yazid, ya kasa miƙa mata. Sun yi nisa sai ga jami'an kiyaye haɗurra a gefen titi, ɗaya ya ɗaga hannu. Ya duba takardun mota, ya duba taya, sannan ya ce, "Malam, abin kashe gobara fa?"

"Akwai, ranka shi daɗe." Yazid ya kai hannu ƙarƙashin kujera da saurin wanda bai taɓa rasa ta ba. Ya laluba, ya sake lalubawa, ya fita ya durƙusa ya leƙa.

"Tana gida," Surayya ta ce, idonta na kan hanya. "Kusa da inda ɗiyarka ke kwana. In ka koma kana iya nemo ta ka mayar da ita mota, babu mai hana ka."

Yazid ya tsaya durƙushe a bakin ƙofar motar. Jami'in ya leƙo, ya ga hannun da ke naɗe da tsumma, ya ga yatsun da suka lanƙwashe.

"Subhanallahi. Hajiya, wuta ce? An je asibiti kuwa?"

Tun ranar da Ma'u ta rasu, shi ne mutum na farko da ya tambaye ta hannun. Wani baƙo a bakin titi, wanda bai san sunanta ba.

"Yanzu za ni," ta ce.

A Kurfi likita ya ce an makara, yatsun biyu ba za su ƙara miƙewa ba. Ta koyi riƙe alli da hagu, ta sami aji a wata makaranta tana koyarwa. Ta kai maganar Mubina gaban alƙali, ana ta ɗagawa, ba ta fasa zuwa ba. A Dutsin-Ma har yau akwai masu nuna gidan su ce nan ne matar ɗa ta kashe ƙanwar miji da taɓarya. Gidan da mutum bakwai suka san gaskiya, aka rasa mai bakin faɗa, don an auna girman tsoho da sunan yarinya aka ga nata ya fi sauƙin ƙonewa.

Lauratu kan kira ta a ɓoye in ta sami katin waya. Surayya takan tambayi Mubina, ko ta ci abinci, ko an yi mata kitso, ko tana ambatonta. Daga ƙarshe sai ta yi tambayar da ba ta taɓa tsallakewa.

"Tana nan?"

"Tana nan kan ƙusarta," Lauratu kan ce. "Jiya ma Alhaji ya sa an goge ta."